Wake da Yaji a Tukunyar Gida: Abin da Ya Kamata Ku Sani

Idan aka ce a lissafa abincin da ke riƙe da gidajen Kano, da wuya a kai na uku ba a ambaci wake ba. A Babban Giji da Gyaɗi-Gyaɗi da sauran unguwannin ƙaramar hukumar Tarauni, irin su Darmanawa da Daurawa da Unguwa Uku, gida ɗaya kan ci wake sau uku a wuni ba tare da wani ya lura ba: koko da ƙosai da safe, garau-garau da rana, tuwon shinkafa da miyar wake da dare. Ga kuma ɗan wake da alale da fate, kowanne da ranarsa da masoyansa. Kusan dukkansu abokin tafiyarsu ɗaya ne, wato yaji.

A da ana yi wa wake kallon abincin marar ƙarfi. Daga baya zancen ya canza. Alƙaluman Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa sun nuna cewa daga tsakiyar 2023 zuwa tsakiyar 2024 farashin jan wake ya ninka har sau uku, a daidai lokacin da cire tallafin man fetur ya tsadantar da sufuri, iyakar Najeriya da Nijar kuma ta shafe watanni a rufe. Duk da haka, in aka kwatanta da nama da kifi da ƙwai, har gobe wake ne hanya mafi sauƙi ta shigar da abinci mai gina jiki cikin gida mai yawan baki. Sai dai amfanin nan yana iya zubewa a hanya: wurin saye, wurin ajiya, ko a cikin tukunya. Ga bayanin kowane mataki.

Me ya sa wake ke tsayawa a madadin nama?

Kusan kashi ɗaya cikin huɗu na busasshen wake furotin ne, sinadarin da ke gina tsoka da jini da girman yaro. Shinkafa ba ta kai rabin wannan ba, rogo kuwa kusan ba shi da komai. Bayan furotin, wake na ɗauke da sinadarin ayon mai ƙara jini, da folet da mai ciki ke buƙata, da kuma harza mai sauƙaƙa bayan gida da sa mutum ya daɗe bai ji yunwa ba.

Furotin ɗin wake kaɗai bai cika ba. Akwai wani ɓangare da yake da shi da yawa wanda hatsi ba su da shi sosai, akwai kuma wanda hatsi suka fi shi. Idan aka haɗa wake da shinkafa, ko ƙosai da kokon gero, ko miyar wake da tuwo, kowanne ya toshe giɓin ɗan'uwansa. Iyayenmu mata ba su jira masana sun faɗa musu ba, sun daɗe suna wannan haɗi.

Wannan magana tana da nauyi a ƙasar Hausa. Binciken lafiyar al'umma na ƙasa na 2018 ya gano cewa kashi 37 cikin 100 na yaran Najeriya 'yan ƙasa da shekara biyar sun tsumbure, a Arewa maso Yamma kuwa abin ya haura rabi. Binciken ya kuma nuna kashi 58 cikin 100 na mata masu shekarun haihuwa suna da ƙarancin jini. Wake ba zai kawar da wannan shi kaɗai ba, amma yana cikin abinci kaɗan da ke kusa da hannun kowa kuma suke taɓa matsalolin biyu.

Daga ina waken yake zuwa?

Wake ɗan gida ne. A Afirka ta Yamma aka fara noma shi, kuma masu binciken tarihi sun tono ragowarsa a yankin Kintampo na ƙasar Ghana, mai shekaru sama da 3,500. Cinikin bayi ya tsallakar da shi teku. Har yau a Bahia ta ƙasar Birazil mata na soya ƙosai da manja a bakin titi, baƙaƙen fatar kudancin Amurka kuma na dafa shinkafa da wake ranar sabuwar shekara. A zangunan Kumasi da Ankara na ƙasar Ghana, Hausawa da maƙwabtansu na dafa shinkafa da wake da karan dafi har ya yi ja.

Najeriya ce kan gaba a noman irin wannan wake a duniya, da sama da tan miliyan 3 a shekara, Nijar na biye mata. Duk da haka abin da ake nomawa bai isa ci ba, shi ya sa waken Maraɗi da Damagaram ke shigowa. Mahaɗar duka ita ce kasuwar Dawanau da ke kan hanyar Katsina, wadda ake lissafa ta cikin manyan kasuwannin hatsi na Afirka ta Yamma. Daga can 'yan sari ke rarraba shi zuwa kasuwar Tarauni da Rimi da Sabon Gari, har ya iso shagon unguwa inda ake awo da kwano da gwangwani.

Manomi na son wake saboda dalilai uku. Yana jure ƙarancin ruwa. Saiwarsa na ƙara wa ƙasa taki, shi ya sa ake shuka shi tsakanin gero da dawa. Sannan harawarsa kuɗi ce, musamman ga masu kiwon ragunan layya. Cibiyar binciken noma ta IITA, mai reshe a titin Sabo Bakin Zuwo a Kano da gonar gwaji a Minjibir, ta daɗe tana fitar da irin da ke nuna da wuri. Cibiyar binciken aikin gona ta Samaru a Jami'ar Ahmadu Bello ita ke fitar da jerin irin da ake kira SAMPEA. A ƙarshen 2019 aka amince da SAMPEA 20-T, wanda Farfesa Mohammad Ishiyaku ya jagoranci aikinsa, irin da aka sauya wa ƙwayar halitta don ya kare kansa daga tsutsar da ke cin fure da kwanson wake, a rage yawan feshi. Akwai masu maraba da shi, akwai masu ɗari-ɗari da duk irin da aka sauya wa halitta, kuma muhawarar na nan.

Yadda za ku zaɓi wake a kasuwa

Mai saye da idon sani ba ya tsayawa a kan farashi kawai. Ku lura da uwargidan da ta ƙware idan ta tsaya gaban mai awo. Za ta zura hannu can ƙasan buhu, ba saman da aka gyara ba, ta ɗebo ta baza a tafi. Ta duba ko akwai huji, ko ɗan farin ɗigon ƙwan ƙwaro a jikin ɓawon. Ta kai hanci. Ta ɗauki ƙwaya ɗaya ta gatsa: busasshe zai fashe ƙas, mai danshi zai lotsa. Sannan ta ce, "Malam, na bana ne ko na bara?" In ya ce, "Wallahi Hajiya sabo ne dal," sai ta sake duba launin, domin tsohon wake kan dushe ya yi duhu.

Tambayar tana da dalili. Waken da ya daɗe a wuri mai zafi da danshi yakan ƙanƙare, a yi ta hura masa wuta ba ya nuna. Abin da aka rage a farashi sai a biya shi a gas ko gawayi.

Kowane iri da inda ya fi dacewa. Farin wake manya irin Kanannado, mai kaushin ɓawo, yana da sauƙin surfe kuma yana tashi in an buga, don haka masu ƙosai da alale ke nemansa. Ƙanana irin Ɗan Ila sun fi arha, suna kuma yin kyau a garin ɗan wake. Jan wake, musamman na Barno, ya fi zaƙi da narkewa, ya dace da fate.

Wake mai huji kaɗan ba haɗari ba ne, in an tsince an wanke. Wanda ya kamata a guje wa shi ne mai warin magani, ko mai farar ƙura da ba a san ta ba, ko tsohon wake da damina ta yi nisa amma ko ƙwaro ɗaya bai kusance shi ba, mai shi kuma bai iya faɗin yadda ya ajiye shi ba.

Maganin ƙwari da ajiya

Babban abokin gabar wake a rumbu wani ɗan ƙwaro ne da ke yin ƙwai a jikin ƙwayar tun daga gona. Tsutsar ta shige ciki ta ci, ta fito ta sake haihuwa cikin kimanin wata guda. In ba a ɗauki mataki ba, buhu guda kan zama gari cikin 'yan watanni. Tsoron wannan asara ke sa wasu 'yan kasuwa zuba magungunan da ba a yi su don abinci ba, irin su Sniper da fiya-fiya, ko su jefa ƙwayar nan mai fitar da iskar guba kai tsaye cikin buhu. A 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Najeriya saboda yawan ragowar maganin ƙwari da aka samu a jikinsa. A 2019 kuma hukumar NAFDAC ta hana sayar da ƙananan kwalaben irin waɗannan magunguna a kasuwanni da shaguna. Wanki da tafasawa na rage ragowar magani, amma ba su da tabbacin kawar da shi duka. Waken da ke warin magani, a haƙura da shi.

Hanyar da ta fi aminci ita ce hana ƙwaron iska. A kan wannan aka gina buhun PICS, wanda masana Jami'ar Purdue ta Amurka suka samar tare da abokan aikinsu na Marwa a arewacin Kamaru, aka fara yaɗa shi a Afirka ta Yamma daga 2007, kuma ana ƙera shi a nan Kano. Ledoji biyu ne masu kauri a cikin buhun saƙa. A zuba busasshen wake, a matse iska, a ɗaure kowace leda daban. Ƙwarin da ke ciki su shanye ɗan iskar da ta rage su mutu, ba tare da ɗigon magani ba. Sharaɗinsa kada leda ta huje, kada kuma a riƙa buɗewa kullum.

Gidan da ba ya sayen buhu zai iya yin haka da jarka ko robar ruwa mai murfi. A shanya waken a rana mai zafi ya bushe ƙayau, a cika jarkar har baki, a sa leda a bakin a murɗe murfin. Gara a raba a ƙananan robobi, a riƙa buɗe ɗaya bayan ɗaya. Mai firiza da tsayayyen lantarki zai iya sa waken a ciki na kwana huɗu zuwa mako guda, sanyin ya kashe ƙwai da tsutsa. Tsohuwar dabarar cakuɗa shi da tankaɗaɗɗiyar toka ita ma tana aiki in tokar ta yi yawa ta cike duk wani gurbi. Kada a haɗa sabo da tsoho mai ƙwaro, don wake ɗaya ke ɓata gari.

Jiƙo ko kanwa?

Nan ne gardamar masu girki take. Kanwa na sa wake ya nuna da wuri domin tana sassauta ɓawo da ƙwayar. Ita ce kuma ke ba ɗan wake danƙo da launinsa. Amma tana da farashi. Tana lalata wani sashe na bitamin B1 da ke cikin waken, kuma ita kanta gishiri ce ta wata fuska, domin cike take da sodiyam mai tayar da hawan jini. Tun a shekarun 1970 likitocin asibitin koyarwa na Zariya suka danganta yawan shan kunun kanwa, tare da wankan jego da ruwa mai tsananin zafi, da ciwon zuciyar da ke kama mata bayan haihuwa. Ɗan gutsuren da ake jefawa a tukunyar wake bai kai na kunu ba, amma gidan da ke da mai hawan jini ya kamata ya lissafa shi.

Jiƙo na yin aikin kanwa ba tare da wannan asara ba. A tsince waken, a rege, a jiƙa shi awa shida zuwa takwas, ko daga dare zuwa safe. A lokacin zafin Kano kada a wuce haka, don zai fara tsami. A zubar da ruwan jiƙon, a ɗora da sabo. Lokacin dahuwa zai ragu sosai. Wanda ya manta bai jiƙa ba, ya tafasa na 'yan mintoci, ya sauke ya rufe na awa guda, ya zubar da ruwan.

Jiƙon na rage kumburin ciki ma. Wake na ɗauke da wasu nau'o'in sukari da hanjin mutum ba ya iya narkarwa, sai sun isa babban hanji ƙwayoyin halittar da ke can su cinye su, su fitar da iska. Waɗannan sukarin na narkewa a ruwa, don haka wani sashe na tafiya da ruwan jiƙo. Surfe ma na taimakawa, haka nan sabo: mai cin wake a kai a kai bai cika damuwa kamar mai ci jefi-jefi ba.

Ƙa'ida ɗaya da ke ceton gas: duk abu mai tsami yana hana wake nuna. Tumatir, musamman na gwangwani ko na leda, da tsamiya da lemon tsami, a jira sai waken ya yi laushi kafin su shiga. Albasa kuwa tun farko ake yanka ta. Gidan da ke da tukunya mai riƙe tururi, jiƙaƙƙen wake ba ya wuce minti 15 zuwa 20 a cikinta.

Girke-girken da aka fi yi

Garau-garau shi ne sarkin rana a Kano. Sirrinsa tazara: wake ke fara shiga, sai ya kusa nuna a zuba wankakkiyar shinkafa da gishiri, a rage wuta su tsotse tare, kowace ƙwaya a ware. A soya man gyaɗa da albasa har ƙamshi ya tashi, a zuba, a barbaɗa yaji, a yanka latas da tumatir da kokwamba da albasa. Mai hali ya ɗora soyayyen kifi ko dafaffen ƙwai. Da tsadar wake, gidaje da yawa sun koma zuba shi ƙwaya nan ƙwaya can. In ana son abincin ya yi aikinsa, aƙalla gwangwani ɗaya na wake ga biyu na shinkafa. Ɗanyen tumatir da ɗan matsin lemon tsami a kai ba ado ba ne kawai, bitamin C ɗinsu na taimaka wa jiki ya ɗauki ayon ɗin waken. Shayi kuwa akasin haka yake yi, gara a jinkirta shi awa guda bayan cin abinci.

Ɗan wake aiki ne na hannu. Ana haɗa garin wake da na alabo ko fulawa, a sa kuka, a kwaɓa da ruwan kanwa har ƙullin ya yi danƙo yana bin hannu. Ruwa na tafasa, mai yi ta ɗebo ƙullin a tafi, tana tsinkowa da yatsu tana jefawa ɗaya bayan ɗaya, da saurin da ido ba ya iya bi. Da farko su nutse. Can sai su taso su rufe saman tukunya, kumfa na neman zubowa, ta yayyafa ruwan sanyi ta juya da matsami. Ta tsamo ɗaya ta raba shi biyu: in cikin ya zama launi ɗaya da bayan, babu farin gari a tsakiya, ya nuna. Sai a tsame cikin ruwan sanyi, a tsane, a bi da mai da yaji. Abin lura, ɗan waken da ake yi da fulawa zalla suna kawai ya ara. In babu garin wake a ciki, babu furotin ɗin da ake nema. Ko da rabi da rabi ne, a sa.

Faten wake shi ne abinci mai nauyi na tukunya ɗaya, kuma shi ya fi kusa da abin da mutanen Meziko da jihar Tekzas ta Amurka ke yi da wake da nama da barkono, ko ful ɗin da alhazai ke karyawa da shi a Makka. A dafa wake ya yi luguf, a zuba jajjagen attaruhu da albasa da tattasai, da manja da daddawa da busasshen kifi in akwai. A yanka doya ko dankalin Hausa ko kabewa a ciki, daga ƙarshe a watsa alayyahu ko zogale, a rufe na minti biyu ko uku a sauke. Ganyen kada ya daɗe a wuta.

Ƙosai da alale uwarsu ɗaya: surfaffen wake da aka markaɗa da attaruhu da albasa. Bambancin a ruwa da mai ne. Ƙullin ƙosai kauri yake so, ba a sa masa mai, kuma sai an buga shi sosai iska ta shiga, gishiri kuma dab da suya ake sawa. In ruwa ya yi yawa ko man bai yi zafi ba, sai ya sha mai ya kwanta. Man da aka yi ta maimaitawa har ya yi baƙi yana kumfa, a zubar. Alale kuwa ruwa-ruwa ake yin ƙullinsa, da mai a ciki, a turara. Gara a zuba shi a gwangwani mai tsafta marar tsatsa, ko ƙananan kwanonin silba, ko ganye, da a ƙulla a siririyar ledar da ba a yi ta don zafi ba.

Miyar wake ta fi kowanne sauƙi ga tsofaffi da yara. A dafa surfaffen wake har ya narke, a burge shi, a haɗa da manja da daddawa da kayan miya. Ga kuma awara, wadda ake yi da waken soya, kuma furotin ɗin waken soya ya ma fi na waken gida yawa. Gurjiya ita ma 'yar dangi ce, ga mai haƙurin dafa ta.

Yaji: gaskiya da camfi

Saɓanin wake, barkono baƙo ne. Shi da attaruhu da tattasai duk daga nahiyar Amurka suka fito, jiragen Turawan Fotugal suka yaɗa su a gaɓar Afirka bayan shekarar 1500. Kafin nan masoro da citta da kimba ke ba miya zafi, kuma har yau suna cikin turmin yajin da ya amsa sunansa, tare da kanumfari da tafarnuwa, wasu su ƙara ƙuli-ƙuli.

Zafin barkono daga wani sinadari ne da ya fi taruwa a farin jijiyar da 'ya'yan ke manne da ita. Mai son ƙamshin attaruhu ba tare da azabarsa ba, ya cire wannan jijiyar. Sinadarin a mai yake narkewa, ba a ruwa ba, shi ya sa kwankwaɗar ruwa ba ta kashe raɗaɗi, nono ko madara ke yi.

An daɗe ana ɗora wa yaji laifin gyambon ciki. Likitoci biyu 'yan Ostireliya, Barry Marshall da Robin Warren, sun nuna cewa wata ƙwayar cuta ce ke haddasa mafi yawan olsa, aikin da ya ba su kyautar Nobel a 2005. Sanadi na biyu shi ne yawan shan magungunan ciwon jiki irin su ibuprofen da diclofenac da asfirin ba da umarnin likita ba. Yaji na iya tayar wa mai gyambo ko ƙwannafi da ciwo, don haka ya rage, amma barin yaji kaɗai ba ya warkar da shi. Sai an je asibiti an gwada an sha magani.

Matsalar yaji ta gaske gishiri ce. Yawancin yajin gida da na kasuwa cike yake da gishiri da dunƙulen ɗanɗano, ga wanda aka sa a tukunya, ga kanwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada babba ya wuce giram 5 na gishiri a rana, wato kimanin ƙaramin cokalin shayi ɗaya, daga dukkan abin da ya ci. Dabarar ita ce a zaɓi wuri ɗaya: in yajin na da gishiri, a sassauta a tukunya. Sannan a daka yaji a gida da barkonon da aka tsince. Barkono ko gyaɗar da ta yi funfuna na iya ɗaukar gubar da ke lahanta hanta, kuma daka ko suya ba sa kashe ta.

Yara, masu ciki da marasa lafiya

Daga wata shida, lokacin da ake fara ba jariri abinci tare da nono, ana iya dama masa surfaffen wake da ya narke, da ɗan manja ko man gyaɗa, ba yaji, ba dunƙule. Alale mai laushi ma ya dace. A fara da kaɗan a ga yadda cikinsa zai karɓa. A gidan da ake ci a faranti ɗaya, a ɗebar wa ƙanana nasu kafin a barbaɗa yaji, don yaro kan bar abinci saboda zafi alhali bai ƙoshi ba.

Mai ciki na amfana da folet da ayon ɗin wake, amma wannan bai maye gurbin ƙwayoyin ƙarin jini da ake bayarwa wurin awo ba. Mai ciwon sukari kuwa wake abokinsa ne, domin ba ya tayar da sukarin jini da sauri kamar farar shinkafa ko burodi. A garau-garau ɗinsa wake ya rinjayi shinkafa, a fatensa a rage doya a ƙara ganye. Wanda ke da ciwon ƙoda shi ne ke buƙatar taka-tsantsan, saboda wake na da wasu gishirin ma'adinai da ƙodar da ta raunana ba ta iya tacewa. Mazauna yankin Tarauni ga Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano a kan titin Zariya kusa da su, su nemi a tsara musu abin da za su ci.

Ragowar abinci

Dafaffen wake ba ya jure zafi. A watannin Maris da Afrilu, lokacin da zafin Kano ke haura digiri 40, garau-garau ko alalen da aka bari a rufe a kula tun rana na iya lalacewa kafin isha. Shinkafa na da wata ƙwayar cuta da ke tsira daga dahuwa, ta hayayyafa in abincin ya daɗe da ɗumi-ɗumi, kuma gubar da take fitarwa ba ta mutuwa da ɗumame. Ragowa ta shiga firiji cikin awa biyu. In babu wuta, a dafa daidai ci. Ɗumame kuma ya yi zafi har tsakiya, sau ɗaya. Abin da ya fara yauƙi ko tsami, a ba shi hanya.

Lissafin magidanci

Farashin wake na da lokaci. Yakan sauka da kaka, daga Oktoba zuwa Disamba, ya fara hawa bayan nan, ya kai ƙololuwa da damina kafin sabo ya fito. Azumi ma na ɗaga shi, saboda ƙosai da alalen buɗa-baki. Magidancin da ya iya sayen na wata uku ko huɗu da kaka ya rufe a jarka ya tsallake tsadar, ya kuma san abin da iyalinsa ke ci. Wanda ƙarfinsa bai kai ba, ya haɗa kuɗi da 'yan'uwa ko maƙwabta su sayi buhu ɗaya a Dawanau su raba, kamar yadda ake watandar sa da salla. Uwargida kuma ta jiƙa tun dare, ta rage kanwa, ta bar tumatir sai ƙarshe, ta ƙara ganye. Da waɗannan kaɗai, kwanon wake ɗaya zai ciyar da gida fiye da yadda yake yi a yanzu, da ƙarancin gas, kuma ba tare da fargabar abin da aka zuba masa a rumbu ba.